Robar da Aka Naɗa a Zobban Bindiga

Usta Nevzat, mai gyaran bindiga, ya zura madubin saiti cikin zobba biyu da za su riƙe shi a kan bindiga, ya girgiza. Madubin ya yi ta kaɗawa kamar cokali a kofin shayi. Ya dangwarar da su gaban Hulusi, mijin ƙanwarsa.

"Waɗannan na milimita talatin ne, madubinka kuwa na inci ɗaya. Wane makaho ya zaɓa maka?"

"Ni ne makahon, yaya," in ji Hulusi, yana dariya. "Yanki robar tif ka naɗa, ka ɗaure noti, magana ta ƙare. Aladun daji sun cinye rabin masarata, jibi kuma za a fita farauta a koro su."

"Zan aika birnin Trabzon a kawo na ƙarfe daidai awonsa, gajeru, yadda kuncinka zai zauna a kan katakon bindigar. Kwana biyar."

"Kwana biyar! Kafin nan sai dai in girbi kara. Yaushe ka zama limami? Ba kai ka naɗa mini roba wancan karon ba?"

Jinin Nevzat ya tafasa, domin gaskiya aka faɗa. Shekara uku da suka wuce da hannunsa ya yanka robar, saboda yana gaggawar rufe shago. A harbi uku bugun bindigar ya gocar da madubin. Harbin Hulusi na huɗu ya kauce wa alade, ya sami Dursun, ɗaya daga cikin masu kora, a gwiwa. Ƙauye ya ce ƙaddara ce. Kafin jandarma su iso, Nevzat ya riga ya kwance madubin, ya jefa robar a murhu, ya shaida musu cewa bindiga lafiyarta lau.

Ana cikin haka Dursun ya turo ƙofa da faranti, yana jan ƙafa. Tun da hawan dutse ya gagare shi, shayi yake rabawa a shagunan layin.

"Surukai kuma da faɗa tun da safe?" in ji shi. "Wa zan ƙara wa sukari?"

"Ƙara wa Usta," in ji Hulusi. "Saboda 'yar roba yake neman cinye ni ɗanye."

Nevzat ya daki tebur har notuna suka watse.

"'Yar roba! Dubi ƙafar mutumin nan, sannan ka sake cewa 'yar roba!"

Fuskar Hulusi ta canja. "Yaya, rufe bakinka."

"Shekara uku yana rufe. Dursun, zobban da ke kan bindigar da ta same ka ba nata ba ne. Ni na cike su da roba, ni kuma na ƙone ta."

Dursun ya tsaya da faranti a hannu. Ya dubi zobban, ya dubi mutanen biyu, sannan ya ajiye kofi ɗaya tak a gaban Nevzat.

"Sha da zafinsa, Usta. In ka gama, tare za mu je ofishin jandarma. Ka dai yi tafiya a hankali, ba na iya sauri."