Talatar da Misnatun Ta Hura wa Mai Gishiri Numfashi

A zamanin da ba a yi gada tsakanin tsibirin Madura da birnin Surabaya ba, duk mai son shiga birni sai ya bi jirgin ruwan da ke tashi daga tashar Kamal. Misnatun kan bi shi kowace Talata ta karɓo maganin ɗakin haihuwar ƙauyensu. Ungozoma ce, shekararta ashirin da uku, kuma ba abin da take so kamar rabin awar nan ta kan ruwa: warin mai da na busasshen kifi, masu tallan dafaffiyar gyaɗa, kaji a kwando.

Wata Talata da hantsi, jirgi na tsakiyar ruwa, wani dattijo mai fataucin gishiri, Pak Dulhalim, wato Baba Dulhalim, yana cikin ba da labari sai ya sulale daga kan benci. Mata suka hau salati. Wata ta ce sanyi ne ya shige shi, a shafa masa man zafi.

Misnatun ta durƙusa ta taɓa wuyansa. Ba bugu, ba numfashi. Sau ɗaya ta taɓa gwada hura wa mutum numfashi, a kan mutum-mutumin roba a makaranta. Ta ɗaga haɓarsa, ta toshe hancinsa, ta shimfiɗa bakin gyalenta a kan bakinsa, ta hura. Ƙirjin ya taso.

"Subhanallahi! Budurwa da bakin namiji?" in ji wata mai sayar da mangwaro.

"Bu, in kin fi ni iyawa, zo ki karɓe ni," in ji Misnatun, tana kiranta yadda ake kiran uwa a can.

Misnatun ta ɗaga kai ta hango mai ɗaure igiyar jirgi, Sahrawi, ya saki baki yana kallo.

"Cak," ta kira shi yadda ake kiran babban wa a can, "zo nan! Ɗora hannu a nan. Ka danna biyar, in hura ɗaya. Ƙirga da ƙarfi."

"In na karya masa haƙarƙari fa?"

"Karya. In ya tashi ya kai ka ƙara."

Haka suka yi ta yi har jirgi ya iso gaɓa, gumi na ɗiga daga hancin Sahrawi, ita kuma jiri na ɗibarta. Matuƙi ya riga ya kira motar asibiti ta rediyo. A asibiti aka zura wa dattijon bututu a maƙogwaro, aka buga masa lantarki, zuciyar ta tashi. Kwana tara ya ƙara a duniya, har 'ya'yansa suka iso daga garin Sumenep, ya gane su, suka yafi juna.

Talatar da ta zagayo, Sahrawi ya tare ta a bakin jirgi, wai ta ƙara koya masa ƙirgan nan da kyau. Shekara guda yana koyo, sannan ya aiko manyansa. Sun yi shekara talatin da huɗu tare. Da aka buɗe gada jirgi ya rasa fasinja, Sahrawi ya koma gyaran taru a ƙofar gida, a nan ma ajali ya same shi.

Bara, wata ma'aikaciyar motar asibiti mai suna Rohmah ta zo zauren ƙauye koya wa matan masunta yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ta ce yanzu danna talatin ne, hura biyu, wanda kuma ba zai iya sa baki ba ya yi ta dannawa kawai har taimako ya zo. Ta nuna musu jakar roba mai hura iska, da bututun da ƙwararru ke zurawa.

Misnatun ta karɓi jakar ta matsa, ta ga ƙirjin mutum-mutumin ya taso ba wahala. Ta daɗe tana juya ta a hannu.

"Abu ya yi kyau, 'yar nan. Amma mazan waɗannan a kwalekwale suke wuni. In ɗaya ya nutse aka tsamo shi, wa zai ba su wannan?"

"Gaskiya ne, Bu. Wanda ya nutse iska yake fara buƙata. Ko za ki nuna musu?"

"Gwiwar ce ba ta da mutunci yanzu."

Mata biyu suka riƙe ta ta durƙusa. Ta nuna musu yadda ake ɗaga haɓa, ta sa kowacce ta gwada, tana yi wa masu ƙyanƙyami tsiya. Har aka kira azahar ba ta sallami ko ɗaya ba.