Karan Awo na Hanyar Fakuwa

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu, da ƙarfe tara na safe, Murtala Dauda ya isa wurin sayar da motoci na Alhaji Bubayero da ke bakin titi a Kankia. Yana tare da Ɗalha, makaniken da ke duba masa mota shekara goma sha ɗaya. A aljihun gaban rigarsa akwai guntun karan dawa, tsawonsa yatsu takwas, an naɗa jan zare a kansa.

Murtala ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukumar Kusada, amma a Kankia yake zaune da iyalinsa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Adda har 'ya'yan da ta haifa, tana Fakuwa, a gidan da ta shekara hamsin da ɗaya a cikinsa. Tana da hawan jini, kuma sau biyu ta faɗi a ranin nan. Tsakanin gidan da kwalta akwai wani mashigin korama inda motocin hatsi da amalanken shanu suka haƙa ramuka biyu, suka bar doro a tsakiya. A kan wannan doron ƙaramar motar Murtala ta zauna da cikinta a watan Agustan bara, bayan la'asar, mahaifinsa Malam Dauda na jingine a kujerar baya, za a kai shi asibiti. An yi awa biyu kafin a tono motar. Malam Dauda ya cika kafin su hau kwalta.

Washegarin sadakar uku Murtala ya koma mashigin shi kaɗai. Ya yanki kara, ya tsayar da shi a cikin ramin taya, ya datse shi daidai tsayin doron. Tun daga ranar karan ke cikin aljihun teburinsa a Kusada.

Ƙannensa sun ce a ɗauko Adda a dawo da ita Kankia kafin damina. Adda ta ce ba ta barin ɗakinta. Jamilatu, wadda ke bi masa, ta ce to za a ɗauko ta ko tana so ko ba ta so. Murtala ya nemi a ba shi zuwa ruwan shuka. In ya sami motar da za ta haye mashigin, Adda ta zauna a gidanta. In bai samu ba, shi da kansa zai je ya ɗaure mata kaya.

Motoci biyu Alhaji Bubayero ya fito musu da su, duka samfurin jif ɗin nan mai kujera bakwai da masu iyali ke yayi. Ɗaya baƙa ce, ba ta daɗe da shigowa daga Kwatano ba, har yanzu ba a sa mata lamba ba. Ɗayar ruwan toka ce, ta girme ta da shekara bakwai, wani malamin makaranta ya hau ta a Katsina har ya yi ritaya.

"Wannan ita ce taka, Yallaɓai," in ji Alhaji Bubayero, ya ɗora hannu a kan baƙar. "Ka shiga sakatariya da ita, shugaban ma sai ya leƙo ta taga. Waccan na fito da ita ne don kada Ɗalha ya ce na ɓoye masa tsohuwa. Ka san shi da son tsofaffi."

"Tsofaffin ba su yi mini ƙarya ba tukuna, Alhaji," in ji Ɗalha. Ya riga ya cire hularsa ya cusa a aljihu.

Da baƙar ya fara. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujeru yana neman laka ko tsatsa, don wasu motocin ruwa ne ya cinye su a can kafin a wanke a turo. Bai sami komai ba. Ya sa aka tayar da ita, ya tsaya a bayan salansa yana kallon hayaƙi. Daga nan ya yi wa mai ruwan tokar haka, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Baƙar injinta lafiya lau," ya ce wa Murtala. "Fulogi huɗu ce, ba ta shan mai. Giyarta na shiga ba gardama. Amma tayoyin gaba kaɗai ke ja. A kwalta ba ka da matsala da ita. Waccan fulogi shida ce, za ta sha maka mai, na faɗa maka tun yanzu kada ka zo gareji kana min ƙorafi. Na'urar sanyinta ta mutu, kujerar direba ta yage. Amma ƙafa huɗu take ja, kuma mai ita bai yi mata rowar baƙin mai ba."

"Kujerun can baya fa?"

"Duka biyun na yara ne. Babba in ya zauna, gwiwarsa na haɓarsa."

Murtala ya ciro karan. Ya durƙusa a gefen baƙar motar, ya tsayar da shi a ƙasa, ya tura shi a tsaye daga gaba zuwa baya. Karan ya wuce, da sauran fili kamar yatsu uku. Ya je ga mai ruwan tokar, nan ma ya wuce, da yatsu huɗu.

Alhaji Bubayero ya yi dariya. "Na ga masu zuwa da kwamfuta, na ga masu zuwa da malami. Mai zuwa da kara yau na fara gani. To ai ga shi ta ci jarrabawa. A kawo takardu?"

Murtala ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya kalli baƙar motar, kuma a fuskarsa an ga ya gama yanke shawara.

"Dakata," in ji Ɗalha. "Ranar da za ka ɗauko Adda, kai da wa za ku taho?"

"Ni da ita."

"Daga Fakuwa? Ka taɓa ganin an ɗauki marar lafiya daga ƙauyenku mutum biyu a mota? Mai jinya za ta shiga. Baffanninka za su shiga. Maƙwabciya za ta ce ita ma sai ta raka. Ga tabarma, ga buta, ga kwanukan abinci, ga risho. Wa za ka ce wa ya sauka?"



Ɗalha ya tsallaka titi zuwa inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja a gindin dalbejiya. Ya dawo da biyar daga cikinsu, da mai shayin da ke kusa da su, wani ƙaton mutum da ake kira Babba. Ya sa su shiga baƙar motar, ya ɗora buhun masarar da ya aro a shagon gefe a bayanta, sannan ya ce Alhaji Bubayero ya zauna a mazaunin direba.

"Ni ma kaya ne?" in ji Alhaji.

"Kai ne na bakwai."

"Babba ai mutum biyu ne," in ji ɗaya daga cikin 'yan acaɓan, daga can baya inda ya dunƙule. "A rage shi, ko a ƙidaya shi daidai."

"Baffan Murtala ya fi shi," in ji Ɗalha. "Auna."

Murtala ya sake durƙusawa. Karan ya wuce ƙarƙashin inji. Ya wuce tsakiya da ƙyar. Da ya zo baya, inda tukunyar salansa take, ya tsaya. Ya karkata shi, ya sake gwadawa. Bai wuce ba.

Aka kwashe mutanen da buhun aka mayar cikin mai ruwan tokar. Bayanta ya sauka, amma kaɗan. Karan ya shiga ta gaba ya fita ta baya, da sauran yatsa ɗaya da rabi.

"Malamin nan ya canza mata sifirin na baya, ya sa masu ƙarfi," in ji Ɗalha. "Da alama shi ma yana da ƙauye."

Mutanen suka sauka, Ɗalha ya raka su yana musu godiya. Alhaji Bubayero ya shiga ofis yana cewa za a iya yi wa baƙar irin wannan gyaran, ai ba wani abu ba ne. Murtala ya rage shi kaɗai da karan a hannu. Ƙaramar motarsa na fake a bakin ƙofa, inda ya bar ta. Wata tara ke nan bai taɓa kai karan kusa da ita ba. Ya tabbata ya san amsar: karan ba zai wuce ba.

Ya je ya durƙusa. Babu kowa a cikin motar. Ya tsayar da karan ya tura. Ya wuce gaba, ya wuce tsakiya, ya fita ta baya bai taɓa komai ba.

Ya daɗe a durƙushe. Da Ɗalha ya dawo ya same shi haka, ya kalli karan, ya kalli motar.

"Ka sani?" in ji Murtala.

"Ni na gyara mata ciki bayan abin. Na ga inda ta zauna."

"Mu shida ne. Da kaya."

"Na sani."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ba ka tambaye ni ba. Kuma kwana ya ƙare, Murtala. Wannan ba aikin makanike ba ne."

Alhaji Bubayero ya yarda su fita da mai ruwan tokar zuwa Fakuwa, da sharaɗin Ɗalha ne zai tuƙa. Sun isa mashigin bayan azahar. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ramukan na nan yadda damina ta bar su. Ɗalha ya saka tayoyin a cikinsu a hankali, ya wuce. Babu abin da ya gogi cikin motar. Murtala yana kallon gefe har suka haye.

Adda tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Murtala ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, Ɗalha ya gaishe ta daga bakin zaure ya koma wajen mota. Da yake ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, kuma ba ta cika kallonsa in yana magana ba. Ya gaya mata an sami motar da ke wucewa ko da mutum bakwai. Daga nan ya gaya mata sauran, a taƙaice, kamar mai ba da rahoto a ofis: ya auna ƙaramar, babu kowa a ciki, kuma ta wuce. Da su uku kaɗai suka tafi ranar, da sun haye.

Adda ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Mi kake so in ce?" ta tambaya.

"Ni ke tuƙi, Adda. Da na ce su sauka."

"Kai ka ce wa ƙannen ubanka su sauka, yayansu na shure-shure? Ka fara, na ji ka. Ka ce motar ta yi nauyi. Malam ya riƙe hannun ƙanenshi Kamilu ya ƙi saki. Ni na ce a bar su." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "A kan cinyar ɗan'uwanshi ya cika, shi ya laƙƙana mashi shahada. Ban taɓa cewa da an rage mutum ba. Kai ma kada ka ƙara faɗa."

Murtala ya sunkuyar da kai.

"Ranar da za a zo ɗaukata," in ji ta, "ba a sauke kowa. In motar ba ta iya wannan, ka maida masu abinsu, in ɗaure kayana."

"Tana iyawa."

"Mu gani."

Ta ajiye faifan, ta yafa mayafi, ta fito a hankali tana dafa bango. A ƙofar gida ta zagaya motar sau ɗaya. Ba ta kalli fenti ba, ba ta tambayi shekararta ba. Ta ƙidaya kujerun da yatsa ta gilashi. Ɗalha ya buɗe mata ƙofar baya. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sake gwadawa, gwiwarta ta ƙi.

"Tsayin da ke haye korama ke nan, Adda," in ji Ɗalha. "Ba a samun ɗaya a bar ɗaya."

Ta tsaya tana riƙe da ƙofar. Sannan, ba tare da ta juya ba, ta ce, "Shiga ɗakin Malam. Bayan ƙofa."

Murtala ya shiga. Ba a taɓa komai a ɗakin ba tun bara. A bayan ƙofa ya sami 'yar kujerar itacen da mahaifinsa ke zama a kai in zai yi alwala, samanta ya yi santsi. Ya fito da ita ya ajiye a gindin ƙofar motar, ya danne ta da ƙafa. Adda ta taka, ta shiga, ta zauna, ta gyara mayafinta. Ta ɗan jima tana kallon gidanta ta cikin gilashi.

"Ka bar kujerar a cikin motar," in ji ta. "Kuma ka gaya wa Jamilatu ta aiko mani da irin gero. Gonar bayan gida ba za a bar ta haka ba."

Ya taimaka mata ta sauko, ya raka ta har ƙofar ɗaki. Da ya dawo ya ɗauki kujerar ya sa a bayan motar.

A hanyar komawa, da suka zo mashigin, Murtala ya ce Ɗalha ya tsaya. Ya sauka, ya ciro karan, ya tsayar da shi a cikin ramin taya. Doron bai ƙaru ba. Ya mayar da karan aljihu, don bayan ruwan farko sai an sake aunawa. Daga nan ya kira Alhaji Bubayero ya ce a shirya takardun mai ruwan tokar.