Sifirin a Cikin Tire

Motar Babaji ta bar Ƙofar Marusa bayan azahar ranar Laraba, cike da fasinja, kuma babu tabbacin silin bayan injinta zai riƙe mai. Muttaka, makanikin da ya ɗaura silin, bai san haka ba sai dab da la'asar. Matarsa Ramla da 'yarsu Fadila suna kujerar gaba.

Tsohuwar Fijo ce ta haya, tana jigila tsakanin Katsina da ƙauyukan bayan Batsari. Ta daɗe tana zubar da baƙin mai ta gaba da ta baya, inda karanshaf yake fitowa daga cikin inji. Tun safe Muttaka ya sauke giyabos, ya ciro tsofaffin sil ɗin biyu, robobin da ke hana man zuba, ya buga sababbi da guduma da guntun katako. Babaji yana tsaye a kansa yana mita.

"Oga, ka san hanyar nan. Idan rana ta karkata ko kyauta ba na bin ta."

"To ka matsa mini daga haske."

Da aka gama, Babaji ya ce zai rage wa Ramla hanya, tunda bikin suna za ta je a garin iyayenta. Muttaka da kansa ya saka jakarta a but.

Bayan tafiyarsu, yana wanke sifanu a tire ne yatsansa ya taɓa wani abu a ƙasan fetur. Ya ɗago shi. Siririn sifirin ne mai zagaye kamar awarwaro, irin wanda yake zama a cikin sil yana matse leɓen robar a jikin ƙarfe. Girmansa na silin baya ne. Idan babu shi, sil yana iya riƙewa a cikin gari. Da inji ya yi zafi a doguwar hanya sai ya saki.

Ya tuna bai cusa giris a bayan sifirin ba kafin ya buga. Giris ɗin gwangwanin ya ƙare, Babaji kuma yana sauri. Bugun guduma yana iya fitar da shi ba a gani ba.

Ya zaro wayarsa. Ya kira Babaji, ba ta shiga. Ya kira Ramla, aka ce ba a samun ta.

Malam Bala, mai walda a rumfar kusa, ya ɗage baƙin gilashinsa.

"Mi ya faru? Ka tsaya kamar an dasa ka."

Muttaka ya miƙa masa sifirin. Malam Bala ya juya shi a tafin hannu.

"Halan na tsohon ne. In ka ɓanɓaro su da sukundireba ai faɗowa suke. Ɗauko tsohon mu gani. In babu a cikinsa, shi ke nan, ka kwana lafiya."

"Yana cikin motar."

"Kai!"

Haka ake yi a garejin. Duk abin da aka cire, ana ƙulle shi a leda a ba mai mota, don ya gani da idonsa an sa masa sabo. Muttaka bai taɓa saɓa wannan ba. Shi ya ƙulle ledar, ya ajiye ta kusa da jakar Ramla.

"Idan man ya tsiyaye fa?" in ji Malam Bala, murya ƙasa-ƙasa.

"Injin zai kama. Inda ya kama nan za su tsaya."

Bayan Batsari akwai daji mai tsawo inda waya ba ta aiki, kuma direbobi ba sa tsayawa a can ko taya ce ta fashe, saboda 'yan bindiga.

Suka yi la'asar a gaggauce. Muttaka ya ɗaure galan ɗin baƙin mai a bayan babur. Malam Bala ya rufe rumfarsa ya hau baya, ba tare da an roƙe shi ba.

Daga fita gari Muttaka ya zuba ido a kan kwalta. Ɗigon mai ko'ina, tsoho da sabo, na tirela da na a-kori-kura. Babu wanda zai ce ga na Fijo. Sau da yawa ya rage gudu, Malam Bala yana dukan kafaɗarsa.

"Tafi, ɗan nan! Kwalta ba ta magana."

A shingen ƙarshe kafin daji, 'yan sintiri sun fara jawo itace suna tare rabin hanya. Wani dattijo yana kwashe kwalaben baƙin man da yake sayarwa a gefen titi. Muttaka ya gaishe shi a tsaitsaye, ya tambayi motar Babaji.

"Ta wuce tun ɗazu. Ya tsaya nan."

"Don mi ya tsaya, Baba?"

"Ya buɗe gaba ya duba. Ya leƙa ƙasa kuma. Wata ɗiya ta sauko ta sayi rake."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce in ba shi mai."

Malam Bala ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mai tsohuwar mota ai ko a mafarki mai yake saye."

"Kullum kwalba ɗaya yake ɗauka," in ji dattijon. "Yau galan ya ce. Ban da shi, na haɗa masa abin da ke akwai."

Muttaka ya durƙusa inda aka nuna masa motar ta tsaya. Yashi ne, ƙafafu sun tattake shi. Ya tona da yatsa, ya shinshina, bai gane komai ba.

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya matso da bindigarsa a kafaɗa.

"Malam, in za ku wuce ku wuce yanzu. In mun rufe, sai safe."

Muttaka ya ce wa Malam Bala ya sauka ya nemi motar komawa gari. Malam Bala ya dube shi, ya sauka, ya ƙara ɗaure masa galan ɗin da kyau.

"Akwai motar da ta fito daga can bayan wucewarsu?" Muttaka ya tambayi ɗan sintirin yana tada babur.

Mutumin ya waiwaya ya dubi hanyar.

"Tun da suka shiga, ko ɗaya ba ta fito ba."