Fankokin da Auta Ta Ce Sun Mutu

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran fanka, kuma ban taɓa ganin wadda ta mutu murus ba sai guda biyu, su ma gobara ce ta ci su. Amma mutanen yanzu ba su da haƙuri. Fanka ta yi tari sau ɗaya, sai a wurgar da ita a sayo sabuwa. Waɗanda aka kawo mini aka ƙi dawowa ɗauka sun cika bayan shagona har ƙofa ba ta rufuwa.

'Yata Auta zane ta karanta a jami'a. Na zaci fuskokin mutane za ta riƙa zanawa, ashe zanen nasu na yanzu ko fenti ba ya buƙata. Wata rana ta leƙa bayan shago ta ce, "Baba, ka ba ni waɗannan. An ba ni zaure na mako biyu, nunina na farko ke nan."

"Nunin me? Bola?"

"Ai bolar ce zancen. So nake mutane su ga abin da suke zubarwa."

Ta kwashi arba'in, ta jera su a wani farin zaure mai sheƙi, kowacce ta ɗaura mata ƙaramin ƙwan fitila da dogon farin ƙyalle. A bango ta manna suna da manyan haruffa: MATATTU. Aikina haɗa wayar fitilun kawai, ba ruwana da sauran. Sau biyu ta faɗa mini haka.

To, ni hannuna ba ya jin magana. Ina taɓa ta farko na ga waya ce ta tsinke a wuyanta. Minti biyu na gama da ita. Ta biyu mai kawai take so. Raina ya ɓaci, wai a kira wannan matacciya! Kwana uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya, Auta na can tana fama da masu buga takardun gayyata. Na haɗa su da wayar fitilun don gwaji, da niyyar in cire daga baya. Na manta.

Ranar buɗewa zaure ya cika. A gaba ga shugabar zauren, mai tabarau da ɗaurarriyar fuska, wadda a hannunta yake ko a sake ba Auta wuri ko a sallame ta. Auta ta tsaya ta ce, "Waɗannan sun yi mana hidima, muka jefar da su. Ba za su sake juyawa ba."

Ta danna makunni.

Talatin da tara suka tashi lokaci guda. Ƙyallaye suka miƙe, takardun jawabin Auta suka watse, hular wani dattijo ta nufi ƙofa ita kaɗai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɓata wa yarinyar nan ranarta, abin da nake ta faɗa a raina ke nan.

Sai shugabar ta fashe da dariya har tana cire tabarau, zaure ya ɗauki tafi. Ta ce, "Wa ya ta da su?"

Auta ta juyo ta dube ni, idonta cike da ƙwalla, ban sani ba ko haushi ne ko iska. Ta karɓi biro a hannun wani, ta je bango ta soke sunan da layi, ta rubuta a ƙasa: KU TAMBAYI BABA.

Kuma suka tambaya. Wata baiwar Allah ta ce tana da uku a bayan ɗaki da take shirin zubarwa, ina shagona yake? Rabon da a yi layi a gabana har na manta, daɗi ya cika ni.

Da jama'a suka ragu, Auta ta zo ta tsaya kusa da ni, ta nuna fanka ɗayar da ta ƙi motsi a can kusurwa.

"Baba, wannan dai ta mutu, ko?"

"Wa ya ce miki? Ki ba ni nan da gobe."