Abokin Musun Mijina

Mijina Zahraddeen mutum ne da ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce haka yake sonta. Wannan bawan Allah ne ya ɗauko ni daga Kano zuwa wata unguwa a ƙasar waje mai suna Danau Kota, yana digiri na biyu kan nazarin addinai, kuma ya zaɓi ya rubuta kundinsa kan yadda ake horar da rabbi, wato malamin Yahudawa.

Babu mai koyar da wannan a jami'arsu, sai malaminsa ya samo masa gurbi a wani kwas na intanet. Ashe su bibbiyu suke karatu, ɗaya ya kawo hujja, ɗayan ya rushe ta. Aka haɗa shi da Gershon, wani dattijo a Melbourne da ya ajiye aikin haɗa magunguna yana neman zama rabbi.

Kullum da hantsi ina kicin ina jin su. Dattijo ya yi ta bayani, nawa kuwa sai "haka ne." Ran nan Gershon ya ce masa, "Jiya da gangan na faɗi shirme, ka ce haka ne. Jarrabawa ce a gabana, mai kama min kuskure nake nema. In yau ma haka ne, zan nemi a canja min aboki."

Duk wanda aka bari ba aboki cire shi ake yi, kuma in babu kwas ɗin babu kundi, sai mu tattara mu koma gida hannu rabbana. Na leƙo na ce, "Abban Umair, don Allah ka musa masa mana, ko sau ɗaya."

Ya rufe makirfo da hannu. "Walida, sa'an Baba ne fa. How can I?"

Suka shiga darasin tsintuwa. Gershon ya ce a ganinsa wanda ya tsinci kaza yana ciyar da ita, ƙwan da ta saka nasa ne. Na ji mijina ya ja numfashi zai ce abin nasa. Haushi ya kama ni, na ɗaga murya da Turanci na ce to duk mai son ƙwai sai ya riƙa tsintar kajin maƙwabta ke nan.

Gershon ya tambayi wace ce, aka ce matar gida ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wannan ba hujja ba ce, ba ta karanta shafin ba."

Zahraddeen ya gyara zama. Ya ce hujja ce, kuma tana nan a shafin da ya wuce, ya karanto masa. Dattijo ya kawo wata, ya mayar masa. Sai ga mijina a tsaye yana nuna kwamfuta da cokalin shayi, har maƙwabciyarmu Caroline ta ƙwanƙwasa ta ji ko lafiya. Shinkafata ta kama, ban ko kula ba.

Da lokaci ya cika, muryar dattijon ta dushe, yana dariya yana share gilashinsa. Ya ce, "Ban yarda ba har yanzu. Ranar Alhamis ka zo da shiri."

Yanzu duk ƙarshen darasi nakan leƙo in gaishe shi, don na gode wa tsohon nan har zuciyata. Ya riƙe mana karatun da ya kawo mu. Kuma tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin mijina ya ɗaga wa kowa murya ba sai ranar, a kan maganata.