Taku Ɗari Shida

Filin jirginmu taku ɗari takwas ne, daga gindin dutse zuwa bakin rafi. Shekara goma sha ɗaya ina kula da shi. In kori shanu, in cike ramuka, in an yi ruwa kuma in bi shi da rodi ina sokawa. In rodin ya nutse ya wuce tsawon yatsa, jirgi ba ya tashi. Dokar Kyaftin ce, matuƙin da ke kawo mana magani duk sati biyu, kuma bai taɓa bin bayana ya sake dubawa ba.

Matata ta kwana uku tana murƙususu da ciwon ciki, har nishin ma ya ƙare mata. Nas ɗin ƙauyenmu ta ce sai birni. Kyaftin na nan, ruwan jiya ya hana shi komawa. Da safe na soka rodi a taku ɗari shida, ya shige kusan kamu guda. Na zare shi, na goge da ciyawa.

"Baba, yaya ƙasa?" in ji Kyaftin, yana ɗaura wa matata bel a cikin jirgi.

"Ta bushe."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To madalla. Nan da sati biyu zan dawo maka da ita garau, sai dai ka sake biyan sadaki."

Na yi dariya. A raina na ce ai kullum a ɗari biyar yake ɗagawa, ina ruwansa da ɗari shida. Na manta ciyawa jiƙe take, ga mara lafiya, ga nas, ga jakunkuna. Ya wuce ɗari biyar tayoyinsa na ƙasa. Laka ta kama tayar gaba, hancin ya kafe, wutsiyar ta tashi, jirgin ya kife. Ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, kamar an zubar da kwanon rufi ne daga mota.

Da tafiya na isa wurin, ban yi gudu ba, har yau ban san dalili ba. Matata na rataye a bel, kanta a ƙasa, tana kirana. Nas ta karye a hannu. Kyaftin kuwa ba rai. Ni na ciro shi, mutane suna ta yi mini sannu da ƙoƙari.

Masu bincike biyu sun zo da igiyar awo. Na ce musu na duba filin kafin ya tashi. Ɗayan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya rufe littafi. Na jira in ji tsoro ko kunya, ban ji komai ba.

A mota muka kai matata birni, kwana biyu a hanya. Likita ya danna cikin, ya duba hoto, ya rubuta ƙwayoyi.

"Tsakuwa ce a ƙoda, ƙarama. Da kanta za ta fita, ta riƙa shan ruwa."

Na ce, "Likita, da mun jira fa?"

"Ko sati ne, Baba," ya ce, bai ɗago kai ba. "In kun fita ku turo na gaba."