Layin da Ba a Goge Ba

Akwai wani injiniya da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Ba-Tambaya, sunan kuwa ya zauna masa daram kamar hular da aka gwada kansa kafin a ɗinka. Aikinsa kula da sabobi, manyan kwamfutocin nan da ke jere cikin akwatunan ƙarfe a wani ɗaki mai sanyi, suna ta gurnani ba hutu. A da, in an kawo sabuwa, sai mutum ya ja kujera ya zauna gabanta, tana tambaya yana amsawa: wane harshe, wane agogo, wane suna za a sa mata. Shi kuwa bawan Allah ba abin da ya tsana a duniya irin a tambaye shi abu.

Sai ya zauna ya rubuta amsoshin nan kaf a fayil guda, ya ajiye a kan wata na'ura da suke ce wa Uwa. Tun daga ranar, duk sabar da aka soka wa shuɗin kebul aka kunna, da kanta za ta nemi Uwa, ta karɓi fayil, ta share duk abin da ke cikinta, ta shirya kanta tsaf. Shi yana can yana kurɓar shayi.

Har gida ya kai wannan alfahari. Matarsa mai ɗinki ce, kuma Allah ya yi ta da tambaya: ya sha maganinsa, ya ɗauki mabuɗi, wa ya bar famfo a buɗe. Shi kuma kullum sai ya ce da mutanen gidan nan za su yi koyi da na'urorinsa, da an zauna lafiya. Ita ko ɗago kai daga keken ba ta yi.

"Baban yara, ai sai ka kwaso su su dafa maka abincin rana."

A ofis ma bai tsira ba. Wadda suke raba tebur da ita injiniya ce kamarsa, ana ce mata Sai-Na-Duba, don ko gaishe ta ka yi sai ka ga kamar za ta duba kafin ta amsa. Ita ce ta ƙara wani layi a fayil ɗin: in na'urar da ta zo baƙuwa ce, Uwa ba ta san lambarta ba, to ta tsaya ta tambaya kafin ta share komai. Ranar da Ba-Tambaya ya gani, kamar an taka masa ƙafa. Ya ce shi fa ya rubuta abin nan ne don ya kashe tambaya, ita kuma ta dawo masa da ita ta taga. Ya ce ta goge. Ta ce to, sai ta duba. Ya ɗauka magana ta ƙare.

Ana nan sai ƙaramar kwamfutar matarsa ta fara nauyi. A cikinta ne duk zanen surfanin da ta yi shekaru tana ƙirƙira yake, har da furannin wuyan riga da ake bin layi a kansu, kuma babu kwafinsu ko'ina. Da zai fita da ita, matar ta biyo shi har ƙofa tana tambaya ko ba za a kwafe zanen a wani wuri ba tukuna. Ya ce mutumin da ke juya ɗaki guda na sabobi ba za a koya masa riƙon 'yar wannan ba.

Ya isa ofis, ya ɗora ta a teburin ɗakin sanyi. Yana so ya sauko mata da sababbin manhajoji, sai ya jawo kebul ɗin da ya fi kusa da hannunsa ya soka, ya danna makunni, ya tafi shayinsa.

Kofin na bakinsa abu biyu suka faɗo masa tare. Kebul ɗin nan shuɗi ne. Sannan lokacin da yake gwajin fayil ɗinsa, tun kafin ya bar wa matarsa ita, da wannan kwamfutar ya yi ta gwadawa, ya saita ta ta nemi Uwa da zarar ta farka, bai kuma mayar ba.

Ku zo ku ga gudu wajen mutum mai tumbi. Takalmi ɗaya ya tsaya a matakala, bai waiwaye shi ba. Ya isa ƙofar ɗakin, ƙofa ta ƙi buɗuwa, don katin shiga yana can kusa da sukari. Ya manna goshi a gilashi. Ba ya hango komai sai bayan kwamfutar da 'yar fitilarta tana ƙyaftawa, alamar ana hira da Uwa. Fuskar matarsa kawai yake gani. Ba faɗa za ta yi ba, ya sani. Tambaya ɗaya za ta yi masa a hankali.

Sai ga Sai-Na-Duba tana tafe ba gaggawa, katinsa a hannu ɗaya, takalminsa a ɗayan. Ta buɗe. Ya zagaya teburin.

Fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, sai ɗan rubutu fari a ƙasa: ba a san wannan na'ura ba, a share ta ko a bari?

Ya tsaya yana kallo kamar wanda ya ga ɗansa da ya ɓata a kasuwa.

"Ranka ya daɗe, tambayarka ake yi," in ji Sai-Na-Duba. "Ko in goge layin yanzu? Yau dai na samu sarari, na duba."

Ya zare shuɗin kebul da yatsa biyu, ya roƙi aron filas ɗinta na adana fayil, ya kwafe zanen nan har furen ƙarshe.

Da yamma ya shiga gida. Matar ta tambaya ko ya sha magani, ya ce ya sha. Ko ya rufe mota, ya ce bari ya koma ya duba. Nan ta tsayar da keke, ta taso ta dafa goshinsa.

"Lafiya kake amsa mini yau?"

Ita ma wannan ya amsa, tiryan-tiryan, har da takalmin. Ta saurara ba ta katse shi ba, sai kafaɗunta da ke ɗan motsi. Da ya gama ta buɗe kwamfutar ta ga furanninta suna nan, sannan ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta ta miƙa masa.

"Gobe ka kai wa baiwar Allahn nan ta ofis, ta aiko mini da awonta. Ka kuma tambaye ta launin da take so. Tambaya za ka yi fa, Baban yara, ba zaɓa mata ba."